Shekarun takarda da shekarun jiki: yadda ake auna tsufan jiki a gida da yadda ake rage masa gudu

Mutum biyu da aka haifa damina ɗaya a gari ɗaya za su iya kai shekara 55 tare, ɗaya yana cicciɓar buhun gero ya ɗora a amalanke, ɗayan kuwa sai ya dafa bango kafin ya miƙe daga tabarma. Lissafinsu ɗaya ne a kalanda, amma zuciya da jijiyoyin jini da ƙoda da huhu da tsokar kowannensu ba su ci wuya daidai ba. Wannan cin wuyar shi masana lafiya suke nufi da shekarun jiki.

An auna abin a garin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan, inda aka bi mutum kusan 1,000 da aka haifa a 1972 da 1973. Sakamakon da ya fito a 2015 ya nuna cewa da suka kai shekara 38, jikin wasu bai kai na ɗan shekara 30 ba, na wasu kuma ya kai na ɗan 60. Binciken tagwaye a Denmak ya nuna gado bai wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na bambancin tsawon rai tsakanin mutane ba. Rai da ajali na Allah ne, wannan babu jayayya. Maganar da muke yi ita ce riƙo da sababi, don mutum ya kai tsufa yana zuwa masallaci da ƙafarsa.

Akwai gwajin jini mai tsada da ke ƙiyasta shekarun jiki, wanda ya samo asali daga aikin wani masanin kimiyya, Steve Horvath, a 2013. Mutumin Ringim ko Ɗambatta ba ya buƙatarsa. Ko an yi masa, shawarar da za a ba shi daga ƙarshe ita ce wadda igiya da kujera da na'urar awon jini za su nuna masa.

Fara da sanin shekarunka

Dattawa da yawa ba su da takardar haihuwa, na katin zaɓe kuma sau da yawa ƙiyasi ne. A kama da abin da kowa ya sani: rasuwar Sardauna a 1966, canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973, kisan Janar Murtala a 1976, rikicin Maitatsine a Kano a 1980, kafa jihar Jigawa a 1991. Wanda ya fara fita kiwo shekarar canjin kuɗi, a sa masa shekara bakwai ko takwas a lokacin. Mai ƙirga shekarunsa da azumi ya tuna shekarar Hijira ta gaza ta bature da kwana 11, don haka azumi 62 kusan shekara 60 ne a lissafin asibiti.

Kada adadin da ake faɗa na matsakaicin tsawon rai a Najeriya, kusan shekara 54, ya tsorata ɗan shekara 50. Mutuwar ƙananan yara ce ke jan lissafin ƙasa. Wanda ya riga ya kai 50 yana da sauran tafiya, abin da ke tare masa hanya kuwa yawanci hawan jini ne da ciwon suga da ƙoda da hanta.

Awo huɗu

Na farko, kuma mafi nauyi, awon jini. Hawan jini ba ya ciwo. Mutum zai shekara goma da shi yana noma lafiya lau, labarin farko da za a ji shi ne shanyewar ɓarin jiki. Yawancin asibitocin sha-ka-tafi suna da na'urar, kemis da yawa ma suna da ita, sai dai ana yawan yin awon ba daidai ba. Minti 30 kafin awo kada a ci goro, kada a sha taba ko shayi. A yi fitsari tukuna. A zauna minti biyar a jingina baya, tafin ƙafa biyu a ƙasa, ba a harɗe ba. A naɗe hannun riga, a ɗaura ƙyallen na'urar a damtse, yatsa biyu sama da gwiwar hannu, a ɗora hannun kan tebur daidai tsayin ƙirji. Hannun da aka bari yana lilo yana ƙara lamba, haka ma ƙyallen da ya yi wa mai kaurin damtse kaɗan, haka ma hira ana cikin awo. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya ko biyu, a rubuta. Ƙasa da 120/80 shi ne lafiya. In aka sami 140/90 ko sama a ranaku biyu daban-daban, hawan jini ne, sai a ga malamin asibiti. In ya kai 180/120 tare da ciwon kai mai tsanani ko ciwon ƙirji ko dishi-dishin gani, ba a kwana da shi a gida. Mai ciki da ta kai 140/90 ma a ranar za a kai ta, saboda jijjiga.

Na biyu, igiya. A tsaya ba takalmi, a yanki igiya daidai tsayin mutum daga ƙasa zuwa tsakar kai, a ninka ta biyu, a zagaya ciki da ita tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, wato ɗan sama da cibiya. A saki numfashi yadda aka saba, ban da shanye ciki. In bakin igiyar biyu suka haɗu, madalla. In suka ƙi haɗuwa, kitsen ciki ya yi yawa, kuma shi ne kitsen da ke kewaye hanta da hanji yana jawo ciwon suga. Siririn mutum mai tumbi ya fi shiga haɗari a kan kakkauran mutumin da cikinsa ke shafe. Mai ciki ba ta wannan awon. Wanda igiyarsa ta gaza ya je a duba masa suga da safe kafin ya karya: 126 ko sama, sau biyu, ciwon suga ne. Tsakanin 100 da 125 gargaɗi ne. Wasu na'urorin da wani ma'auni suke aiki, a can lambar ciwon ita ce 7.0.

Na uku, kujera. A sami wadda tsayinta ya kai kusan santimita 43, a jingina ta da bango don kada ta zame. A zauna, a rungume hannuwa a ƙirji, a miƙe tsaye sosai a koma a zauna, wani yana riƙe da waya yana ƙirgawa har daƙiƙa 30. Ga mai shekara 60 zuwa 64, namiji ƙasa da 14 ko mace ƙasa da 12 alama ce ƙarfin cinya ya ja baya. Daga 65 zuwa 69, a duba 12 ga namiji, 11 ga mace. Tsohon da ke jin nauyin yi a gaban yara, a raba shi da idon jama'a a ce, “Baba, a daure a gwada mana, mu ga ƙarfin ƙafar.”

Na huɗu mai sauri ne: tsayuwa da ƙafa ɗaya daƙiƙa 10, kusa da bango, da wani a gefe. Wani bincike a Birazil da ya fito a 2022 kan mutum 1,702 masu shekara 51 zuwa 75 ya gano waɗanda suka kasa sun fi mutuwa a shekarun da suka biyo baya. Kasawar alama ce kawai, ba hukunci ba.

Abin da za a gyara, daga tukunya

Gishiri ne kan gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokalin shayi guda, kuma wannan ya haɗa da duk wanda ke ɓoye. Dunƙule kusan rabinsa gishiri ne. Yajin tsire da na ɗanwake akwai gishiri da dunƙule a ciki, ƙullin garin da ke cikin taliyar leda ma haka. Kanwa ɗanɗanonta daban ne, amma sinadarin da ke ɗaga jini a gishiri yana cikinta. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kunun kanwa da zafin wankan jego da ciwon zuciyar masu jego, don haka mai jegon da ƙafarta ta kumbura ko take haki in ta kwanta, asibiti za a kai ta, ba ƙarin kunu ba.

Yadda uwargida za ta yi: da safe ta ƙirga manyan gidan, ta auna cokalin shayi ɗaya shafaffe ga kowane mutum biyu a wani ɗan gwangwani, ya zama shi ne gishirin girkin yini duka, sauran rabin a bar wa dunƙule da yaji da abin da ake ci a waje. Kada a rage rana ɗaya, maigida zai ce miya ta yi lami a koma gidan jiya. A riƙa ragewa kaɗan-kaɗan cikin wata guda ko ɗaya da rabi, harshe yana sabawa. Daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da masoro su cike gurbin.

Suga iyakarsa giram 50 a rana, kusan cokalin shayi 12, rabin haka ya fi. Kwalbar lemon roba ɗaya mai santilita 50 ta cinye wannan kason. Sai a lissafa na mai shayi da na koko da wanda ake zuba wa fura.

Abincinmu na gado ba shi da laifi: gero da dawa da ba a surfe su fes ba, wake, zogale, rama, yakuwa, kuka, kuɓewa, kabewa. Inda tsofaffi ke faɗuwa shi ne abin gina tsoka. Bayan shekara 30 tsoka tana raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari duk shekara goma, tsohuwar da haƙora suka zube kuma sai a bar ta da koko safe da dare. A kowane cin abinci a sa mata ɗaya daga cikin wake mai laushi, alala, awara, nono, ƙwai, kifi ko kunun gyaɗa.

Gyaɗa da masara kuwa a shanya su kan leda ko tabarma har su bushe ƙayau kafin a kai rumbu, a tsince masu fumfuna da masu ɗaci a zubar. Gubar da fumfunar ke bari dahuwa ba ta kashe ta, in ta haɗu da ciwon hanta nau'in B tana kai wa ga dajin hanta tun mutum bai tsufa ba. Babba ya yi gwajin ciwon hantar ko sau ɗaya, jariri kuma a yi masa rigakafinsa cikin awa 24 da haihuwa.

Hayaƙi, motsi da ƙwayoyi

Binciken likitocin Birtaniya da aka bi shekara 50 daga 1951 ya nuna mai shan sigari yana rasa kusan shekara 10. Wanda ya bari yana ɗan 40 ya ƙwato tara, ɗan 50 shida, ɗan 60 uku. Shisha ba sassauci ba ce. Matan da ba su taɓa riƙe sigari ba kuwa murhu ne nasu: girki da ɗanyen itace ko kara a ɗaki rufe, shekara talatin, yana barin tari da haki. A yi girki a fili ko rumfa mai shan iska, da busasshen itace, a sauke goyo a nesa da hayaƙi.

Manomi zai ce shi ai ba ya rasa motsi. Da damina gaskiya ne. Amma daga an gama kaka, wanda ba ya noman rani sai majalisa, ko kasuwar da ba ta kai kilomita biyu ba a babur ake zuwa. Abin da ake so minti 150 a mako duk shekara, wato minti 30 kwana biyar, tafiyar da numfashi zai ɗan ɗaga amma ana iya magana. Matan da ke cikin gida, waɗanda injin niƙa ya ɗauke musu daka, su zagaya tsakar gida da sauri minti goma-goma sau uku. Tashi da zama a kujera sau 10, a huta, a maimaita sau uku, kwana biyu ko uku a mako, shi ne maganin awon kujerar da ya gaza.

Ƙoda tana buƙatar kulawa ta musamman a wannan yanki, musamman daga Haɗeja zuwa Gashuwa inda ciwonta ya yi yawa. Mai aiki cikin zafin bazara ya sha kusan ledar ruwa ɗaya duk minti 30 zuwa 40, ya duba fitsarinsa: in ya yi ja kamar shayi, ruwa ya yi kaɗan. Mafi muni shi ne a dawo gona a bushe a haɗiye haɗin ƙwayoyin ciwon jiki na masu talla. Yawanci akwai diclofenac ko ibuprofen a ciki, suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, suna ɗaga hawan jini, suna ƙwarzar ciki. Dexamethasone da wasu ke sha don ƙiba yana ɗaga suga yana cinye ƙashi.

Wanda aka ɗora a maganin hawan jini ya sani ba a gama shi kamar na zazzaɓi. Lambar ta sauka ne saboda maganin, in aka daina za ta koma. A cikin magungunan hawan jinin, amlodipine kan kumbura idon sawu, lisinopril kan sa busasshen tari. In haka ta faru a koma a canza, kada a ajiye shi a koma jiƙo.

Sake awo

A sami littafi ɗan ƙarami a rubuta kwanan wata da awon jini da ratar da ta rage a igiya da adadin tashi daga kujera. Awon jini kan nuna sauyi makonni kaɗan bayan rage gishiri, kujera bayan wata biyu zuwa uku, igiya ita ce mai nawa. Mai lafiya ya auna jini aƙalla sau ɗaya a shekara, mai shan magani duk wata har lambar ta zauna, sauran awon duk wata uku. In igiya ta fara yin sako-sako alhali ba a canza ci ko motsi ba, wannan rama ce, a je a duba suga. In akwai tarin da ya kai mako biyu ko zufar dare, a nemi gwajin tarin fuka, kyauta ake yin sa da maganinsa a asibitocin gwamnati.