Yadda ake farautar koyote a Amurka don kare 'ya'yan barewa

Koyote ɗan uwan dila ne, sai dai ya fi shi girma, kuma a nahiyar Amurka yake. A yawancin jihohin ƙasar Amurka, barewa mai farar wutsiya tana haihuwa tsakanin Mayu da Yuni. A makonnin farko ɗan ba ya iya gudu, uwar takan bar shi kwance lamo cikin ciyawa ta tafi kiwo. Su kuma koyote 'ya'yansu na zuwa a Afrilu da Mayu, wato ga bakunan ciyarwa, ga nama kwance. Don haka ka fita ana dab da haihuwa. Wanda ka harbe a Disamba, kafin Mayu wani ya gaje wurinsa.

Fara da doka, don kowace jiha da tata. A Texas ana farautarsa duk shekara, wasu jihohin kuwa sun ƙayyade lokaci ko sun hana fitar dare. Nemi lasisi da izinin mai fili.

Sai zagaye. Bi hanyoyin gona kana duba sawu da kashi. Kashin koyote yakan zo cuɗe da gashi. Da asuba ka kasa kunne ka ji inda suke kuka.

Ranar farauta, iska ce komai. Koyote ba ya zuwa kai tsaye wurin da ya ji kira, sai ya kewaya ta inda iska ke nufa ya sansana tukuna. Ka zauna yadda wannan ɓangaren zai zama fili fetal a gabanka, bayanka jingine da kututture ko duhuwa, rana tana bayanka in da hali. Mota ka bar ta can nesa, kuma kada ka buga murfinta. Wannan ƙaramin sakaci ya sha mayar da maharbi gida hannu rabbana.

Ajiye na'urar kira mai kwaikwayon kukan dabbobi, irin su FoxPro, kamar mita 30 daga inda kake, don idonsa ya tafi can. Fara a hankali da kukan zomo da ya shiga uku, ka yi shiru, ka sake. A lokacin haihuwa kukan ɗan barewa ko na ɗan koyote ya fi ci. Minti 20 zuwa 30 ba motsi, tashi ka sauya wuri. Bindigar da aka fi ɗauka ita ce mai cin harsashi samfurin .223 ko .22-250. Kafin ka ja kunama ka tabbata ba karen maƙwabci ba ne, ka kuma san abin da ke bayansa.

Kada ka sa rai da yawa. A dajin Savannah River da ke jihar Karolina ta Kudu an yi shekara uku ana kwashe koyote da tarko, amma ƙarin 'ya'yan barewar da suka rayu bai taka kara ya karya ba, saboda baƙin koyote na ta shigowa. Sai ka haɗa da barin doguwar ciyawa a gefen gona, ka ɗage yankanta har ƙarshen Yuli.