Abin da ke kashe ɓeran Masar a gidajenmu na Maraɗi

Sau uku cikin watan jiya ana yi mani sallama da kwali a hannu, in buɗe in tarar da ɓeran Masar kwance yana numfashi sama-sama, mai shi yana rantsuwa cewa da safe lafiyarsa ƙalau. Kusan duk abin da zan faɗa a nan ni ma na aikata shi a farkon kiwona, kuma gawa na kwasa kafin na gane.

Zafi ne na farko, shi ya fi yi mani ɓarna. Sunan Masar yana ruɗin mutane, su ɗauka dabbar hamada ce. Asalinsa tsaunukan Andis ne a Kudancin Amurka, wajen Peru da Bolibiya da Ekwado, ƙasa mai sanyi. Jikinsa ya fi sakewa tsakanin digiri 18 zuwa 24, da an haura 30 ya shiga haɗari, don ba ya gumi kamar mu. Mu kuwa a Afrilu da Mayu sai mu yi kwanaki zafi bai sauka daga 40 da rana ba. Shekarata ta biyu da farawa ina da guda bakwai a akurki mai rufin kwano, jingine da katangar da ke fuskantar yamma. Wata Juma'a muka tafi suna Tibiri, na zuba masu ruwa da ciyawa na ce ai inuwa suke. Ban lissafa da cewa bayan azahar rana tana juyowa ta daki kwanon kai tsaye ba. Da la'asar muka dawo, ƙaramar 'yata ta riga ni zuwa, ta leƙa ta ce, "Baba, duk sun yi barci." Biyar sun miƙe, haɓarsu jiƙe da yawu, biyun da suka rage sun cusa kai bayan kwanon ruwa. Har yau in na ga akurkin kwano a tsakar gidan wani sai raina ya ɓaci.

Tun daga ranar, da bazara ta kama nake shigar da su ɗakin ƙasa, a ƙasa kusa da randa. Ina jiƙa buhun algarara in rataya a gefen da iska ke shigowa, in sa masu fasasshen tulu su riƙa shiga ciki. Ranar da aka samu wuta firigo ya yi ƙanƙara, sai in naɗe buteli ɗaya a tsumma in ajiye masu, wanda ya ji zafi ya jingina. In ka riga ka tarar da shi ya baje, kada ka tsoma shi a ruwan ƙanƙara. Ka shafa masa ruwan randa a kunnuwa da ƙafafu, ka yi masa fifita, in ya farfaɗo ka ɗiga masa ruwa kaɗan-kaɗan a gefen baki.

Na biyu kuma, wallahi, haushin kaina nake ji. Wata mace da na fi so ta fara atishawa, hancinta na ruwa. Maƙwabcina mai kaji ya ce, "Malam, fasa kafso ɗaya ka zuba mata a ruwa, haka nake wa nawa." Na aika aka sayo amoksisilin wajen mai tallan magani a faranti, na zuba. Kwana biyu ta daina cin abinci, na uku zawo ya ɓalle, na huɗu na haƙa mata rami. Ashe cikin ɓeran Masar cike yake da ƙwayoyin da ke narka masa ciyawa, wannan magani kuma su yake fara kashewa, sai miyagun su samu fili su yaɗu su saki guba. Penisilin, amoksisilin, amfisilin, eritromisin, linkomisin, duk sahu ɗaya suke a wajensa. To don Allah ku daina! Ba kaza ba ce, ba akuya ba ce, ba ɗanka ba ne da za ka raba masa rabin ƙwaya. Mutum ya iya sayen dabba jika biyu ko uku amma kuɗin kabu-kabu zuwa wajen likitan dabbobi ya gagare shi? Kuma in ka je, ka buɗe baki ka tambayi sunan abin da za a ba shi, don wanda ya saba da shanu da tumaki yana iya mantawa. Kada ka jira ma sai ya kwanta: wanda ya wuni bai ci ba, bai yi kashi ba, ya riga ya shiga matsala.

Atishawar nan ma daga baya na gano shimfiɗa ce ta jawo ta. Garin katako nake kwasowa kyauta wajen kafinta, mai laushi kamar garin tuwo. Hancinsu a ƙasa yake wuni, shi suke shaƙa, ga shi ba ka san me aka shafa wa katakon ba, fenti ne ko maganin gara. Ƙaiƙayin gero ma na gwada, yana shiga ido. Masu yi masu daɓen raga irin na zomo don kashi ya riƙa zubewa, ku juya ƙafar naku ku gani: tafin ba shi da gashi, raga tana cinsa ya kumbura ya yi gyambo. Ni yanzu kwali nake shimfiɗawa a ƙasa, in zuba busasshiyar ciyawa mai kauri a kai, kyasuwa ko harkiya, bayan na tsince ƙarangiya. Kusurwar da suke fitsari ina kwashe ta kowace safiya, duk kwana uku in sauya gaba ɗaya in bar wurin ya bushe. Wasu suna cewa mako guda ya isa. Su durƙusa su kai hanci daidai inda hancin dabbar yake, in idonsu ya yi yaji sun samu amsa. Da damina ciyawar da ta yi fumfuna ta tafi bola, da hunturu kuma a tare gefen da iskar gabas ke bugowa.

Abinci kuma, dusa da ragowar tuwo ba cimarsa ba ce. Haƙoransa ashirin ne kuma ba su daina tsawo, tauna ciyawa ce ke goge su, shi ya sa ba a barin akurki babu ita dare da rana. Harawar wake da ta gyaɗa suna son ta kamar me, amma ni masu ciki da ƙanana nake sakar wa ita, manya ɗan kaɗan, don yawanta na iya kawo tsakuwa a mafitsara. Kamar ɗan Adam, jikinsa ba ya haɗa bitamin C da kansa. Wanda aka bari a kan busasshen abu kaɗai za ka ga gashinsa ya yamutse, yana ɗingishi, dasashi na jini. Yankan tattasai kullum ya wadatar, wani lokaci gwaiba ko ɗan ganyen zogale. Kayan garkar gulbi a wanke su sosai saboda feshi. Albasa, tafarnuwa, ganyen dankalin Turawa da tumfafiya kada su kusance shi.

Guda ɗaya ba ya jin daɗi, har ƙasar Suwizalan ta hana ajiye shi shi kaɗai tun 2008. Amma abokin zaman kada ya zama zomo, yana harbi da ƙafa kuma yana ɗauke da cutar numfashi da shi zomon ba ta dame shi ba. Mace da namiji kuma, cikinta kwana 59 zuwa 72 ne, kuma ranar da ta haihu tana iya sake ɗauka, don haka a cire namijin tun kafin. 'Ya'ya maza a ware su da sun yi mako uku.

Kwanan baya wata baiwar Allah ta kira ni hankali tashe wai nata yana zabura yana tsalle yana murɗa jiki, ko iska ce ta taɓa shi. Murna ce kawai, ƙanana sun fi yinta in an zuba sabuwar ciyawa. Wanda zai dame ki, Hajiya, shi ne mai susa har ya faɗi yana shure-shure, gashi na zuba, wannan ƙwaro ne a fata, sai likita. In kin ga ya sunkuya yana cin kashinsa ki ƙyale shi, abincinsa ne. Zagayen da gashi ya cire kamar kwabo kuwa makero ne, yana kama yara, a wanke hannu da sabulu. Yaro in zai ɗauke shi ya zauna a tabarma ya sa hannu biyu, ɗaya a ƙirji ɗaya a gindi, don faɗuwa daga tsaye tana karya shi. Da dare a rufe saman akurkin, kyanwar maƙwabta ta taɓa ɗauke mani jarirai biyu ta kafar da ko hannuna ba ya shiga.