Darasi na Tara: Gidan Haya da Takardarsa

Akwai wata dattijuwa a ajinmu na yamma da mijinta ya rasu ya bar musu gida a Rusaifa, nan Makka. Shaƙƙa huɗu ne, wato sassan zama huɗu, kowanne mai zaman kansa. Tana zaune a ɗaya da 'ya'yanta, uku kuma na haya. Ba a yi wata biyu da gama takabarta ba sai ɗan ƙanenta ya zo gaishe ta, ya durƙusa ya ce, "Goggo, tunda ta sama babu kowa, ki ba ni mana. Zan riƙa biya duk wata."

Ta ce, "To ɗan nan, sai mu je ofis a rubuta."

Ya ce, "Haba Goggo, ni da ke har sai an yi takarda?"

Kunya ta kama ta, ta miƙa masa makulli. Cikin wata takwas, biyu ya biya. Ranar da ta yi ƙarfin hali ta tambaya, uwarsa ta daina amsa gaisuwarta. Kuɗi bai shigo ba, zumunci kuma ya yi tsami. Ita ce da kanta ta ce in saka labarin nan a darasi, don kada wani ya faɗa inda ta faɗa.

Rubuta yarjejeniya ba rashin yarda ba ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi, a kafa shaidu. Idan an umarci muminai su rubuta a tsakaninsu, to babu abin kunya don ka ce wa ɗan'uwanka a rubuta.

A ƙasar nan ma hukuma ba ta bar mana zaɓi ba. Tun 2018 aka kafa tsarin Ijar, inda ake rajistar yarjejeniyar haya ta intanet. Kai da ɗan haya za ku je wurin dillalin gidaje mai lasisi. Zai nemi sakkun gidan, wato takardar mallaka, da katinka na shaida, da lambar asusunka na banki. Ɗan haya kuma zai kawo katinsa ko iƙamarsa mai rai, wato takardar izinin zaman baƙo. Idan gidan na gado ne, sai sauran magada sun ba ka wakilci a rubuce kafin ka sa hannu da sunansu. Bayan nan saƙo zai shigo wayar kowannenku, ku amince.

Nan ne nake so ku tsaya. Kada ka danna amincewa don dillali ya ce, "Danna nan, Alhaji." Karatun da kake zuwa koya kullum, ranar amfaninsa ke nan. Idan Larabcin ya yi maka nauyi, ka sa ɗanka ko wani amintacce ya karanta maka layi-layi, kana bi da yatsa. Ka duba sunanka da na ɗan haya. Ka duba kuɗin, da lambobi, ka ƙirga sifilinsa, domin 18,000 da 1,800 sifili ɗaya ne tsakaninsu. Ka duba ranar shiga da ranar fita, ka kuma san ko da watan Hijira aka rubuta ko da na Miladiyya, tunda shekarar Hijira ta gaza da kusan kwana 11. Ka ga yadda za a riƙa biya: duk wata, duk wata uku, duk wata shida, ko shekara gaba ɗaya. Sannan ka ga wa zai biya wuta, wa zai biya ruwa.

Amfanin wannan rajista babba ne. Idan ɗan haya ya ƙi biya, yarjejeniyar Ijar takarda ce da kotun zartarwa ke aiki da ita kai tsaye, ba sai ka yi ta neman shaidu ba. Wadda ba a yi wa rajista ba kuwa, ba ta da wannan ƙarfi. Tun watan Janairu 2024 kuma, kuɗin hayar sababbin yarjejeniyoyin gidajen zama ta cikin Ijar ake biyansa, da katin banki na Mada ko ta tsarin biyan kuɗi na Sadad. Don haka kada ka karɓi kuɗi hannu da hannu a bakin ƙofa. Dokar tana kare ɗan haya ma: ba ka da ikon yanke masa wuta ko ruwa, ko ka canza makulli, don ya makara.

Ka tabbata kowace shaƙƙa ta samu mitar wutarta. Na ga maƙwabta biyu da suka shekara ba sa ga maciji saboda takardar wuta ɗaya. Wannan ya ce wancan yana kwana da mukayyif uku a kunne, wato na'urar sanyaya ɗaki, wancan ya ce wannan ne mai injin wanki kullum. A zafin Makka ba wanda zai kashe mukayyif, kuma a ƙarshe mai gida ne ke cike giɓin.

Yanzu sai lissafi. Ku ɗauko alƙalami.

A ce shaƙƙa uku ne, kowace riyal 18,000 a shekara. Jimla 54,000. Sabon mai gida yakan riƙe wannan lamba a ka, har ya fara yi wa mutane alkawari da ita. Amma ga abin da shekara ke zuwa da shi. Ɗan haya ɗaya ya tashi, shaƙƙa ta zauna wata biyu babu kowa: an rasa 3,000. Kafin wani ya shiga an yi fenti: 1,500. Injin tura ruwa ya ƙone, tankin sama ya tsage: 2,500. Wutar matakala, da shara, da motar ruwa ranar da famfo ya ɗauke: 2,000. Ku haɗa, 9,000 ke nan. Ku cire daga 54,000, saura 45,000. Waɗannan lambobin misali ne, na gidanka za su bambanta. Amma duk gidan haya yana da irin wannan ragi, kuma wanda bai ware masa kuɗi ba, ranar da bututu ya fashe cikin bango sai ya ci bashi. Shawarata, duk kuɗin hayar da ya shigo ka cire kashi ɗaya cikin goma ka ajiye daban, ka ɗauka na gidan ne, ba naka ba.

Gyara babba, kamar rufi mai yoyo ko wayar wuta da ta tsufa, na mai gida ne. Ƙananan abubuwa irin su ƙwan fitila, na ɗan haya ne. Ranar miƙa makulli ku zaga tare, ka ɗauki hoton kowane ɗaki da wayarka, da lambar da mita ke nunawa. Idan kuma ya kira ka kan yoyo, ka je a ranar. Ɗan haya mai biya kan lokaci ya fi ƙarin riyal dubu da za ka samu wurin baƙon da ba ka sani ba.

Wanda kuma yake tara kuɗi don ya sayi gidan haya, ya fara da sakku. Duk mun ga abin da ya faru a Jidda daga ƙarshen 2021, lokacin da aka rushe unguwanni irin su Sabil da Gulail da Karantina, inda 'yan'uwanmu da yawa suka zauna shekara da shekaru. Mai sakku ya cancanci diyyar fili da gini. Wanda ba shi da shi, ginin kaɗai aka lissafa masa. Gidan da ake sayarwa da takardar hannu yana da araha, amma arahar nan ba ta ado. Ka tuna kuma akwai harajin cinikin gida na kashi 5 cikin 100, da ladan dillali da aka saba, kashi 2.5. Harajin bisa doka na mai sayarwa ne, amma sau da yawa a wuyan mai saye yake ƙarewa, don haka a yi maganarsa tun farko. Gidan 600,000 zai iya tsaya maka a 645,000. Idan yana bar maka 45,000 a shekara, sai ka haura shekara 14 kafin kuɗinka su dawo.

Kan zakka, malamai sun ce ba a fitar wa ginin kansa, sai kuɗin hayar da ya kai nisabi ya kuma shekara a hannunka. Ka kai wa malaminka lissafinka ya duba maka.

Aikin gida: ka samo littafi sabo. Ka ware shafi ɗaya ga kowace shaƙƙa, ka rubuta sunan ɗan haya a sama, da ranar da ya shiga. Ka ja layi a tsakiya. Dama, abin da ya shigo da kwanan wata. Hagu, abin da ka kashe da dalilinsa. Wanda ba shi da gida ya yi da lambobin misalin da ke sama. Ku zo da shi darasi mai zuwa, za mu yi haɗawa da cirewa tare a allo.