Kurakuran da aka fi yi wajen gadin ƙwan kunkurun teku, da yadda ake gyara su

Wata ɓarnar da ake wa ƙwan kunkurun teku a wuraren da ake gadinsa tana fitowa ne daga hannun masu son taimako: 'yan sa-kai, ɗalibai, da masu kai baƙi kallo da dare. Niyyarsu mai kyau ce, amma gaggawa takan sa su yi abin da ke kashe ƙwan ko ya ɓata ƙididdigar da masu bincike ke dogaro da ita.

Kuskure na farko yana faruwa tun kafin a ga ƙwai ko ɗaya. Macen kunkuru takan fito daga ruwa da dare, ta hau rairayi, ta share wuri, sannan ta haƙa rami da ƙafafunta na baya. A wannan tsakani tana da saurin tsorata. Tocila ɗaya da aka haska mata, ko mutum ya gifta ta gabanta, ya isa ta juya ta koma teku ba ta saka ƙwan ba. Don haka a tsaya nesa, a durƙusa, a yi shiru har sai ƙwan ya fara zuba. Daga nan ne za a matso ta bayanta, da jar fitila marar ƙarfi, ba tare da filashar kyamara ba. Idan yara suka ga ruwa na zuba daga idonta suka ce tana kuka, a gaya musu gaskiya: gishirin da ya yi mata yawa a jiki take fitarwa ta wata kafa da ke kusa da ido.

Babban kuskure kuwa shi ne ɗauke ƙwai a mayar da shi wani wuri ba tare da dalili ba. Rami ɗaya yakan ɗauki ƙwai kusan 100, kuma yakan yi kamar wata biyu kafin ya ƙyanƙyashe. Ƙa'ida ita ce a bar shi inda uwar ta saka shi. Ba a ɗauka sai in ruwa zai cinye ramin idan teku ya cika, ko gaɓar na zaizayewa, ko an tabbata za a sace shi.

In ɗaukar ta zama dole, lokaci shi ne komai. 'Yan sa'o'i bayan an saka ƙwai, ɗan tayin da ke ciki yakan manne da ɓawon ta sama. Da zarar ya manne, juya ƙwan ko girgiza shi yana yage wannan mahaɗi, tayin ya mutu, kuma ba za a gane ba sai bayan wata biyu da aka tone rami aka tarar da ruɓaɓɓen ƙwai. Shi ya sa ake so a gama aikin cikin sa'o'in farko, kada a wuce sa'a 12. A ɗauki ƙwan ɗaya bayan ɗaya, gefen da ke sama ya ci gaba da kallon sama. A jera shi a bokiti mai ƙarfi da aka shimfiɗa wa danshin rairayi daga ainihin ramin, kada a zuba a leda, kada a wanke. Kafin a haƙa sabon rami a auna zurfin tsohon har ƙasansa, a yi sabon daidai da shi, wuyansa matsattse, cikinsa da faɗi kamar tulu. A rufe da rairayi mai danshi tukuna, busasshen ya zo daga sama, domin busasshen rairayi yana tsotse ruwan ƙwai.

Zurfin ramin ba ƙaramin abu ba ne, saboda zafin rairayi ne ke yanke ko ɗan kunkuru zai zama namiji ko mace. A wajen digiri 29 na ma'aunin Salshiyos akan samu kusan rabi da rabi. In ya ɗara haka mata su yi yawa, in ya gaza maza su rinjaya. Wani bincike da aka wallafa a 2018 kan koren kunkuru na arewacin Great Barrier Reef a Ostiraliya ya gano cewa fiye da kashi 99 cikin ɗari na ƙananan da suka fito daga gaɓoɓin can mata ne. Wanda ya binne ƙwai a rami marar zurfi, ko ya cunkusa ramuka kusa da juna a shingen ƙyanƙyasa, wato wurin da aka killace don binne ƙwan da aka ɗauko, zafi yake ƙarawa bai sani ba. A bar aƙalla mita ɗaya tsakanin rami da rami, a kuma binne ma'aunin zafi a tsakiyar wasu ramukan.

Ragar da ake shimfiɗawa kan rami don hana karnuka da sauran dabbobi tonewa tana da nata kuskuren. In idonta ya yi ƙanana, 'ya'yan za su maƙale a ƙasa rana ta kashe su. Ido mai kamar santimita 5 a 10 yakan bar su su fita. Ta roba ta fi ta ƙarfe, don ƙarfe yana jirkita ƙarfin maganaɗisun ƙasa a kewayen ramin, alhali kunkuru da shi yake gane hanya a teku.

Sai ranar fitowa, inda sha'awar nuna wa jama'a ke yin ɓarna. Ana tara 'ya'yan a bokitin ruwa a ajiye har gari ya waye don baƙi su ɗauki hoto. Ɗan kunkuru yana fitowa ne da ragowar gwaiduwa a cikinsa, ita ce guzurin da zai yi iyo da ita kusan kwana ɗaya ba tsayawa har ya wuce ruwan bakin gaɓa mai cike da kifaye masu cinsa. In ya ƙarar da ita yana zagaye bokiti, ya shiga teku a gajiye. A sake su a daren da suka fito, a ajiye su kan rairayi 'yan mitoci daga ruwa su rarrafa da kansu, a kuma riƙa sauya wurin sakin don kada kifaye su koyi jira a wuri ɗaya. Suna bin ɓangaren da ya fi haske ne, wanda a gaɓar da babu lantarki shi ne teku, don haka farar fitilar gida ko ta titi takan ja su zuwa tudu. A kashe ta, ko a kare ta daga ɓangaren ruwa.

A wajen ƙididdiga, an fi kuskuren ɗaukar kowane sawu a matsayin rami. Mace takan fito ta koma ba ta saka komai ba, saboda haka sawu daban, rami daban a takarda. Haka kuma yawan ramuka ba shi ne yawan mata ba: mace ɗaya takan saka ƙwai sau da yawa a kaka ɗaya, kamar mako biyu tsakani, sannan ta yi shekara biyu zuwa huɗu ba ta dawo ba. Sawun da aka ƙidaya a ja masa layi da ƙafa don kada mai sintirin gobe ya sake ƙirga shi. Siffar sawun ma tana nuna nau'in kunkurun: koren kunkuru da babban kunkuru mai bayan fata (wanda bayansa fata ce maimakon ƙoƙo mai tauri) suna jan jiki da hannu biyu a tare, alamun su fito daura da juna, sauran da yawa kuwa hannu ɗaya bayan ɗaya. In an auna bayan kunkuru, a rubuta ko da tef aka bi lanƙwasar ƙoƙon ko a miƙe aka auna, domin awon biyu ba sa zama ɗaya.

Tone rami don duba sakamako ana yinsa ne bayan kwana uku da fitowar 'ya'yan, da safar hannu. A ƙirga ɓawon da ya wuce rabin ƙwai kawai, a bar gutsattsari, in ba haka ba za a ƙirga ƙwai ɗaya sau biyu. A raba adadin ɓawon da jimlar ƙwan da ke ramin, wato ɓawo da wanda bai ƙyanƙyashe ba, a ninka da 100. A ramin kunkuru mai bayan fata akan tarar da ƙananan ƙwai marasa gwaiduwa. Waɗannan a rubuta su a gefe, kada su shiga jimlar, don ba za su taɓa ƙyanƙyashewa ba kuma za su sa rami mai kyau ya zama kamar ya gaza.