Darasi na Bakwai: Zaɓen Katakon Lulluɓe Bangon Gida

Bayan an gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, wani salon gini ya yaɗu a Amurka har zuwa ƙarshen shekarun 1960. Gidajen ba su da tsayi, rufinsu shimfiɗaɗɗe ne ko mai ɗan gangare, tagoginsu kuwa gilasai ne manya. Wani magini mai suna Joseph Eichler ya gina irinsu kimanin 11,000 a jihar Kaliforniya. Da yawa daga cikinsu an lulluɓe bangonsu na waje da katako mai siraran layuka daga sama zuwa ƙasa. Yau katakon ya tsufa, masu gidajen suna ta gyara.

Kafin ka sayi komai, tsaya ka dubi gidan da kyau. Kyan irin wannan gini yana cikin miƙaƙƙun layukansa. Idan tsohon katakon a tsaye yake, sa sabon a tsaye. Auna faɗinsa da tazarar layukansa, ka nemi mai kama da shi. A ganina, ba abin da ke ɓata gidan nan kamar katako mai ido-ido da sassaƙa barkatai.

Itace biyu ne suka fi suna a wannan aiki: redwud, wato jan itacen Kaliforniya, da jan sida na yammacin Arewacin Amurka. Ba su da nauyi, ba sa saurin ruɓewa. Sai dai a kula, jan ɓangaren tsakiyar itacen shi ne mai juriya. Farin da ke kusa da ɓawo ba ya daɗewa, ko da mai sayarwa ya ce duk ɗaya ne. Akwai kuma katakon da ake gasawa da zafi kusan digiri 200 na Salshiyas. Ba ya kumburi sosai, amma yana da saurin tsagewa, don haka kafinta ya fara huda shi kafin ya buga ƙusa.

Yanzu ga babbar magana. Ruwa shi ne abokin gāban katako, kuma ruwan sama yana iya dukan bangon gidajen nan. Kada a manna katako a jikin bango kai tsaye. A fara shimfiɗa abin tare ruwa, sannan a kafa siraran sanduna, a buga katakon a kansu. Ratar da ta rage, kamar santimita 2, ita ce hanyar iska. Duk ruwan da ya shiga zai tsiyaye, bayan katakon ya bushe. A bar aƙalla santimita 15 tsakanin katako da ƙasa. A shafe kowane falle da mai ko fenti gaba da baya, musamman bakin da aka yanka, domin nan ne ya fi shan ruwa.

Ƙusa ma ba kowace ba. Redwud da sida suna da wani sinadari da ke yin baƙin tabo idan ya haɗu da ƙarfe mai tsatsa. A yi amfani da ƙusar da ba ta tsatsa.

Wajen ɓamɓare tsohon katako, a yi hattara. Sai a 1978, bayan an gina gidajen nan, Amurka ta hana sa fenti mai dalma a gidaje, kuma ƙurarsa guba ce, musamman ga yara. A kira masani ya gwada fentin kafin a kankare.

Aikin gida: rubuta dalilai biyu da suka sa ake barin rata tsakanin katako da bango.