Yadda ake raɗa wa doki mai dabbare-dabbare suna

Kafin a yi maganar suna, a fara tabbatarwa ko dabbaren nan zai zauna. Nan masu sabon doki suka fi yin tuntuɓe: a sa wa dukushi Zabo saboda ɗigon da ke cinyarsa, bayan wasu shekaru ya koma fari fat, suna ya rasa abin kamawa.

Ka ɗebo ruwa a bokiti ka jiƙa dokin sharkaf, sannan ka buɗa gashin da yatsa ka dubi fata. In wurin farin nan fatarsa jaja-jaja ce, iyakarta kuma a fili take, danda ne. Haka aka haife shi, haka zai tsufa. In kuwa fatar baƙa ce ko'ina, gashi ne kawai ya yi zobe-zobe a kafaɗa da cinya, hurde ke hannunka. Shi hurde da duhu yake zuwa duniya, duk sanda ya sake gashi sai ya ƙara haske, har wata rana a kira shi kili, wato farin doki. Tun yana dukushi za ka ga farin gashi ya fara kewaye masa ido. Irin wannan kada a ɗora sunansa kan zane.

Akwai kuma dabbaren da ba launi ba ne. Farin gashi a gadon baya inda sirdi ke zama, ko a ƙirji inda majayi, wato maɗaurin sirdi, ya ci, tabon tsohon ciwo ne. Wurin da gashi ya zube ya bar da'ira mai ɓawo kuwa sau da yawa makero ne, wannan aikin likitan dabbobi ne. Dukushi kuma a yi masa haƙuri ya zubar da gashin haihuwa, wajen wata 3 zuwa 4, don launin farko yakan yi ruɗi.

In zane ya tabbata, sai a dubi girmansa da inda yake. Ƙananan ɗigo barkatai sun dace da Zabo, goɗiya kuma Zabuwa. Baƙin ɗigo manya a kan fari, Damisa. Fari da baƙi a cakuɗe, Wake. Fari guda a tsakiyar goshi, Tauraro. Fararen ƙafafu har gwiwa, Mai Safa. Hurde kuwa Hadari ya fi masa, domin ko ya yi haske sunan bai ƙaryata shi ba. Kiran doki Danda kawai ba laifi ba ne, amma ranar da danda uku suka haɗu a barga guda sai ɗan barga ya rasa wa za a ɗaura wa sirdi. Shi ya sa wasu ke kiransa da inda aka sayo shi, kamar Ɗan Maigatari.

Sunan ya zama gaɓa biyu, in ya yi yawa uku. Ka tsaya kamar taku 20 daga turke ka kira shi da ƙarfi. In bakinka ya harɗe, ko ƙarshen sunan ya ɓace a iska, sake wani. Kada ya yi kama da na dokin da ke turken kusa, kada kuma ya zo daidai da sunan maƙwabci ko wani babba a gari, don abin yakan zama rigima. Sunayen annabawa da sahabbai dai ba a kai su turke. Doguwar magana a bar wa maroƙa, su yi masa kirari da ita ranar hawan Sallah.

Dokin da aka shigo da shi da takardu yana da nasa sunan rajista, ba a taɓa shi, sai dai a yi masa na gida. Masu rajistar dawakin sukuwa na Thoroughbred ba sa karɓar sunan da ya wuce harafi 18, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi.

Saura koya masa. Kira sunan sau ɗaya duk sanda za ka zuba dusa ko harawa, kafin ya ga kwano. Kowa a gida ya yi amfani da suna guda, kuma kada a riƙa kiransa cikin tsawa, in ba haka ba zai riƙa ja da baya in ya ji. In babban doki ka saya, tambayi dillali sunan da ya saba da shi. Ka riƙa haɗa tsohon da sabon na 'yan makonni, sannan ka saki tsohon.