Tukunyar farko a Ingila: ka fara da dafa-duka

Duk watan Satumba sai yaranmu na Birnin Kebbi da Argungu sun sauka Ingila karatu, da yawansu maza ne da ko ruwan shayi sai an dafa masu a gida. To ƙanena, ranar farko kada ka ce tuwo za ka tuƙa. Yi dafa-duka. Tukunya ɗaya ce, kuma ko ta caɓe za ta ciyu.

Shiri daga gida yake farawa. Inna ta ƙulla maka daddawa, dakakken yaji, kuka da busasshen kifin Yawuri, a naɗe kowanne a leda biyu don kada tufafinka su ɗau wari. Dokarsu ta yarda mutum ya shigo da busasshen kifi har kilo 20, amma ta hana nama da duk abin da aka yi da madara daga irin ƙasashenmu. Kilishi da man shanu a bar su gida ke nan. Shinkafa ma kada ka cika akwati da ita, duk da na san babu kamar ta fadamarmu.

Da ka ajiye kaya, nemi shagon 'yan Pakistan ko Somaliya mafi kusa. Can za ka samu basmati, albasa, tarugu, tafarnuwa, mai, gishiri, dunƙulen magi, tumatirin gwangwani mai giram 400, da naman halal in aljihu da nauyi. Sayi tukunyarka da ludayinka. Ta ɗakin girkin da kuke tarayya ba ka san abin da aka soya ciki jiya ba.

Murhun ne wurin da sababbin zuwa ke ruɗewa. Ka murɗa, shiru, ka ce ya lalace. Dubi bango, akwai wani babban makunni, galibi ja, sai ka danna shi wuta za ta zo. In murhun mai fuskar gilashi ne ya ƙi ɗumama tukunyar, wataƙila irin wanda ke aiki da maganaɗisu ne, ba ya karɓar tukunyar alminiyam irin ta kasuwarmu. Manna maganaɗisu a gindin tukunya kafin ka biya kuɗi. In ya kama, ta yi.

Kunna fankar da ke saman murhu, ka rufe ƙofar ɗakin girki. Kada ka bar mai ya yi hayaƙi yadda ake wa manja a gida. Ƙararrawar gobara ba ta san uzuri ba, za ta fitar da mutanen bene duka waje cikin sanyi, kowa na harararka.

Jiƙa kifin a ruwan zafi, ka cire ƙaya. Soya albasa a mai cokali huɗu har ta yi laushi, ka zuba rabin gwangwanin tumatir da yankakken tarugu ɗaya. Ɗaya na ce, nasu ma yana da faɗa. Bar shi ya soyu sai mai ya taso sama, tsamin ya mutu. Sannan daddawa, magi, gishiri, kifi, da ruwa kofi uku. In ya tafasa, zuba wankakkiyar basmati kofi biyu. Ba sai ka rege ba, babu tsakuwa. Ita ba ta shan ruwa kamar 'yar gida, kuma minti 12 zuwa 15 ta nuna. Rage wuta can ƙasa, rufe, ka cire hannunka daga ludayi. Yawan juyawa ke mai da ita kunu. In ka kashe, janye tukunyar gefe, don murhun lantarki na daɗewa da zafi, zai ƙona gindin.

Abin da ya rage kada ya kwana cikin tukunya don ka ga garin da sanyi. Ɗakunan akwai na'urar ɗumi. Da ta huce, juye a roba ka sa firji, ka ɗumama ta sosai gobe ka cinye. Ka rubuta sunanka a jikin robar.